Shin ana gadon ciwon damuwa? Abin da binciken ƙwaƙwalwa ya gano a 'ya'yan masu ciwon

Tun da gwajin jini kafin aure ya zama ruwan dare a Gombe, mutane suka sami sabuwar fahimta game da gado. Yau ko a Dukku ko Kumo an san cewa idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila. Ilimin ya ceci gidaje da yawa, sai dai ya zo da nasa ruɗanin. Duk lokacin da labari ya zagaya a WhatsApp ko Facebook cewa masana sun hango ciwon damuwa a ƙwaƙwalwar yara tun kafin ya bayyana, da ma'aunin sikila ake auna shi. Wasu su tambaya ko akwai hoton da za a ɗauka kafin ɗaurin aure. Waɗanda suka san akwai mai ciwon a gidansu kuma su shiga zullumi a kan 'ya'yansu. Binciken yana nan, an daɗe ana yin sa, amma abin da ya ce ya sha bamban da yadda ake yaɗa shi.

Cututtukan da ake nufi

Cututtuka biyu ne likitocin ƙwaƙwalwa ke haɗawa a rukuni ɗaya, domin dukansu yanayin zuciya suke taɓawa. Na farko shi ne ciwon damuwa mai tsanani, wanda ya bambanta da baƙin cikin rashi ko na karayar arziki da kowa ke shiga ya fita. Mai shi yakan yi aƙalla mako biyu cikin ƙunci kusan kullum, abin da yake so a da ya fita daga ransa, barci da cin abinci su rikice, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, wani lokaci har ya ji gara mutuwa. A wajenmu sau da yawa da jiki ake kawo kukansa: kai na zafi, ƙirji ya yi nauyi, wani abu na yawo a jiki.

Na biyu shi ne baifola. Mai shi yana faɗawa cikin damuwar, amma yana da lokacin da yake hawa. Kwana da kwanaki barcin awa biyu ko uku ya ishe shi, magana ba ƙaƙƙautawa, ya yi ta rabon kuɗi ko ƙulla cinikin da ba kan gado, ya ji ya fi kowa, ya harzuƙa idan an tanka masa. Tsakanin hawa da sauka yana iya yin watanni ko shekaru lafiya ƙalau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 280 ne ke da ciwon damuwa, miliyan 40 kuma ke da baifola.

Wane irin gado ne?

Hanyar da aka bi aka raba hannun jini da hannun gida ita ce nazarin tagwaye. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya ƙwayoyin gadonsu kusan iri ɗaya ne, na ƙwai biyu kuwa rabi suke tarayya kamar sauran 'yan'uwa ciki ɗaya. Idan ciwo ya fi haɗa na farkon, to gado na da hannu. Wani nazari na shekarar 2000 da ya tattara binciken tagwaye ya nuna cewa gado ne ke bayyana kusan kashi 37 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane wajen kamuwa da ciwon damuwa. A baifola adadin ya fi haka nesa, tsakanin kashi 60 zuwa 85. Waɗannan alƙaluma na al'umma ne gaba ɗaya, ba sa faɗin rabon yaro guda. Ko a tagwayen ƙwai ɗaya, idan baifola ya kama Hassan, kusan rabin lokuta Husaini ba ya kamuwa.

Sikila canji ɗaya ne a ƙwayar gado ɗaya, shi ya sa ɗigon jini ke bayyana shi. Nan kuwa lissafin daban yake. A 2021 masu bincike sun gano wurare 64 a jerin ƙwayoyin gadon ɗan Adam da ke da alaƙa da baifola, zuwa 2025 adadin ya kai 298. A ciwon damuwa an tashi daga 102 a 2019 zuwa kusan 700 a 2025. Kowane ɗaya tasirinsa ƙanƙani ne ƙwarai, kuma babu mutumin da ba ya ɗauke da wasu daga ciki. Saboda haka babu "mai ɗauke da shi" da "marar shi" kamar AS da AA. Akwai dai wanda ya kwashi da yawa da wanda ya kwashi kaɗan.

Abin da ya fi amfani ga iyaye shi ne binciken da ya bi 'ya'yan masu ciwon shekara da shekaru. Myrna Weissman ta Jami'ar Columbia a Amurka ta fara nata a 1982, ta bi iyalai har jikoki, ta ga 'ya'yan masu ciwon damuwa sun ninka sauran yara kusan sau uku wajen kamuwa. A birnin Pittsburgh, rahoton 2009 kan yara 388 da ɗaya daga iyayensu ke da baifola ya sami wani nau'in ciwon a kashi 10.6 cikin 100, a yaran da aka kwatanta su da su kuwa kashi 0.8. A Holan an bi irin waɗannan yara shekara 12: kashi 13 suka kamu da baifola, amma kashi 54 sun taɓa shiga wani ciwon yanayin zuciya, galibi damuwa. Alƙaluman na da fuska biyu, kuma dole a kalli duka. Haɗarin ya ƙaru sosai, amma mafi yawan 'ya'yan masu baifola ba sa yin baifola.

Mazauna Gombe sun san gidan da ke bakin kwari. Zamansa a wurin ya sa shi cikin haɗarin da gidan kan tudu ba ya ciki, amma ko zaizaya za ta ci shi ya danganta da ƙarfin damina, da magudanar ruwa, da ko an tare bakin ramin da wuri. Matsayin gidan ake gada.

Abin da na'ura ke gani

Masu bincike sun zaɓi 'ya'ya da 'yan'uwa masu lafiya ne saboda wani dalili. Idan aka ga bambanci a ƙwaƙwalwar wanda ya shekara goma yana jinya, ba a san ko shi ya jawo ciwon ba, ko ciwon da magunguna ne suka bar shi. Yaron da bai taɓa ciwo ba kuma bai taɓa shan magani ba, abin da aka gani a tasa ya riga ciwon zuwa.

Na'urar da ake amfani da ita MRI ce, mai ɗaukar hoton cikin jiki, amma da wani salo da ake kira fMRI, wanda ya samo asali daga aikin Seiji Ogawa a 1990. Ba tunani take karantawa ba. Ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya kama aiki yakan jawo ƙarin jini mai iskar oksijin bayan daƙiƙa kaɗan, wannan canjin na'urar ke aunawa. Ana kwantar da yaro a cikin wani dogon bututu mai ƙara sosai, a toshe masa kunne, a tallafe kansa kada ya motsa, a saka masa ɗan madubi a saman ido. A madubin zai riƙa ganin fuskoki suna wucewa, wannan a firgice, wannan cikin fushi, wannan tana murmushi, wannan ba yabo ba fallasa. Wani lokaci a ba shi maɓalli ya danna, wani lokaci a sa shi wasan da zai ci ko ya rasa 'yan kuɗi. Daga baya kwamfuta ta haɗa sakamakon yaran rukuni ɗaya, ta kwatanta da na ɗaya rukunin.

Wurare uku aka fi sa wa ido. Akwai amigdala, wasu 'yan curi biyu a can ciki ta wajen kunnuwa, masu saurin amsa duk abin da ke da alamar haɗari ko muhimmanci. Akwai cibiyar lada da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, wadda ke motsawa idan mutum na sa ran abin alheri, ita ke ba shi ƙwarin tashi ya nema. Sai ɓangaren goshi, mai auna al'amari ya kwantar da abin da amigdala ta tayar, wanda ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25.

A wani binciken Amurka na 2008 an kwatanta yara 17 da iyayensu ke da ciwon damuwa da yara 22 da ba haka ba. Da aka bar su suna kallon fuskoki kawai, amigdalar 'yan rukunin farko ta fi tashi ga fuskar tsoro, cibiyar ladarsu kuma ta fi sanyi ga fuskar farin ciki. Abin lura shi ne da aka ba su aikin da ya riƙe hankalinsu, bambancin ya ɓace. A 2010, Ian Gotlib na Jami'ar Stanford ya auna 'yan mata 'yan shekara 10 zuwa 14 da iyayensu mata suka sha fama da ciwon. Lokacin jiran lada ƙwaƙwalwarsu ba ta motsa kamar ta sauran ba, lokacin asara kuwa wani ɓangare ya fi motsawa. Ko ɗaya cikinsu ba ta da ciwo a lokacin. A dangin masu baifola ma an sha ganin amigdala mai saurin tashi, amma a batun lada wasu bincike sun ga akasin haka, wato ƙwaƙwalwa mai saurin ɗoki, abin da ya yi daidai da yanayin hawa.

Idan aka fassara wannan zuwa rayuwar yau da kullum, ga yadda zai kasance. Malami ya shigo aji fuska a ɗaure. Yara biyu sun gani. Ɗaya ya ce a ransa yau Malam ba ya jin daɗi, ya ci gaba da rubutu. Ɗayar ta ɗauka da ita ake, ta wuni tana juya abin, kuma da Malam ya yaba aikinta a ƙarshen darasi yabon bai zauna mata kamar yadda ɗaure fuskar ya zauna ba. Wannan karkata ce ta yadda ake karanta mutane da al'amura, ita kaɗai ba ciwo ba ce. Amma idan ta haɗu da rashi, ko mutuwar aure, ko talauci mai tsawo, tana iya buɗe ƙofa.

Inda masana suka rabu

Rukuni na farko na ganin waɗannan alamu su ne gadar da ke tsakanin ƙwayoyin gado da ciwo, kuma wata rana za su taimaka a gane wanda ya fi buƙatar kariya. Suna da hujja. A 2015 masu bincike a Jami'ar Duke sun nuna cewa ɗaliban da amigdalarsu ta fi saurin tashi sun fi shiga damuwa bayan shekara ɗaya zuwa huɗu, idan suka gamu da matsin rayuwa. Catherine Harmer ta Jami'ar Oxford kuma ta nuna cewa magungunan damuwa suna canza yadda mutum ke karanta fuskoki cikin kwanaki kaɗan, tun kafin ya ji sauƙi a ransa.

Rukuni na biyu na cewa yaron da ya tashi a hannun uwa mai ciwon damuwa ya gaji jininta, ya kuma rayu a ɗakinta, don haka ba a iya ɗora komai a kan jini. A Landan, binciken 2011 ya ga irin wannan tashin amigdala ga fuskar fushi a yaran da suka taso a gidajen da ake duka da rikici. Ƙwaƙwalwar da ta saba da haɗari takan koyi tsammaninsa.

Akwai kuma masu cewa wasu bambance-bambancen da ake gani a 'yan'uwa masu lafiya alamar kariya ce. Sophia Frangou na cikin waɗanda suka nuna cewa 'yan'uwan masu baifola da suka wuce shekarun haɗari lafiya suna da wata ƙarin haɗuwa tsakanin sassan ƙwaƙwalwarsu, wadda babu ita a masu ciwon. Wato abin da wani zai karanta a matsayin tabo, mai yiwuwa shi ne abin da ya tsare su.

Suka mafi nauyi ta fito ne daga cikin fagen kansa. Mun saba da cewa gani ya kori ji, shi ya sa hoton ƙwaƙwalwa mai jan tabo ke saurin gamsar da mutane. Amma tabon lissafi ne na matsakaicin rukuni, launin ma kwamfuta ce ta sa shi. Binciken Stanford da aka ambata 'yan mata 13 ne a kowane ɓangare. A 2020 wani nazari ya nuna cewa idan aka auna mutum ɗaya sau biyu da irin wannan gwaji, sakamakon sau da yawa ba ya zuwa iri ɗaya. A 2022 wani a mujallar Nature ya nuna cewa kafin a amince da alaƙa tsakanin hoton ƙwaƙwalwa da halin mutum ana buƙatar dubban mutane, alhali yawancin binciken da aka saba yi wajen mutum 25 ne. An taɓa ganin irin wannan a fagen ƙwayoyin gado. A 2003 wani bincike daga Niyu Zilan ya yi suna da cewa wata ƙwayar gado mai alaƙa da serotonin, wani sinadari da ke isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, ita ce ke sa wasu su faɗi idan wahala ta zo. Da aka gwada a dubun dubatar mutane, manyan nazarce-nazarce na 2009 da 2019 ba su tabbatar da shi ba.

Ga mu kuma akwai ƙarin dalilin taka-tsantsan. Mafi yawan waɗanda aka yi wa waɗannan gwaje-gwaje Turawa ne, kuma ma'aunin haɗarin da aka gina da jinin Turawa ƙarfinsa yana raguwa sosai idan aka gwada shi a 'yan Afirka.

Wanda ya auna dukan ɓangarorin zai ga sun haɗu a wuri ɗaya: a matakin rukuni akwai karkata ta gaske, a matakin mutum guda babu hoto ko gwajin jini da ke faɗin wanda zai kamu.

Hannun gida

Hujja mafi ƙarfi a wannan fage ba daga na'ura ta fito ba. A Suwidin, binciken 2020 ya duba 'yan'uwa ciki ɗaya daga gidajen da ke da ciwon damuwa, inda ɗaya ya tashi a gida, ɗayan a hannun masu riƙo da aka tantance. Wanda aka riƙa haɗarinsa ya ragu da kashi 23 cikin 100, kuma kariyar ta gushe idan gidan riƙon ma ya gamu da mutuwa, rabuwar aure ko ciwon damuwa. Darasin a nan na zaman lafiyar gida ne, ba na raba ɗa da uwa ba, domin wani binciken ya nuna hanya mafi kusa. A 2006 an bi uwaye 151 da ke karɓar maganin damuwa a Amurka tare da 'ya'yansu. Cikin wata uku, matsalolin yaran da iyayensu suka warke sun ragu, na waɗanda iyayensu ba su warke ba sun ƙaru, alhali ba a yi wa yaran komai ba. A 2009 kuma an koya wa matasa 'ya'yan masu ciwon dabarun sarrafa tunani a zaman rukuni. Kashi 21 suka kamu, a waɗanda ba a koya wa ba kusan kashi 33. Amma inda uwa ko uba ke cikin ciwon a lokacin, horon bai yi tasiri ba. Duka biyun abu ɗaya suke nunawa: jinyar uwa ko uba ita ce kariyar farko ga yaro.

Barci ma na da nasa gurbi. Binciken 2007 a Jami'ar Berkeley ya nuna cewa bayan kwana ba barci, amigdalar masu lafiya ta ƙara tashi da kusan kashi 60 cikin 100, haɗinta da ɓangaren goshi kuma ya yi rauni. Ga mai baifola a dangi, kwanakin rashin barci na cikin abubuwan da aka fi sani suna tayar da hawa.

Abin da ya shafi mutanen Gombe

A binciken aure an daɗe ana tambaya ko akwai taɓin hankali a gidan, a kafa hujja da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Alƙaluman da aka kawo ba su goyi bayan a yanke wa zuri'a guda hukunci ba, ganin yadda ciwon damuwa ya yaɗu, da wuya a sami babban dangin da ba a taɓa samun mai shi ba. Illar wannan tsoro ita ce ɓoyo, kuma ɓoyon yana bin iyali har ɗakin likita. Likita ya ce, "Baba, akwai wanda ya taɓa irin wannan a dangi?" Uba ya ce, "Babu, Likita." Sai an jima uwa ta ce, "Sai dai ƙanwar babansa da iska ta taɓa bayan haihuwa, da kakansa da yakan yi wata guda ba ya fita ɗaki." Wannan jimla ta biyu tana iya canza magani gaba ɗaya. Matashin da ya zo da damuwa alhali akwai baifola a danginsa, idan aka ba shi maganin damuwa kaɗai, yana iya juyewa zuwa hawa. Wannan ne ma haɗarin sayen irin waɗannan ƙwayoyi a kemis ba tare da ganin likita ba.

MRI da ake yi a manyan asibitoci yana da amfaninsa wajen gano ƙari, shanyewar ɓarin jiki ko rauni a kai, kuma likita na iya neman sa don ya kawar da waɗannan. Ba ya nuna ciwon damuwa ko baifola, a nan ko a Turai. Iyalin da suka sayar da dabba don a ɗauki hoton yaro mai lafiya sun yi asarar kuɗi. Haka duk wanda ya tallata gwajin jinin da zai tantance wannan kafin aure, abin da babu yake sayarwa.

Shaye-shaye na ƙara wa wuta fetur. Binciken ƙasa na 2018 ya sami kashi 14.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwayoyi, kuma Gombe na cikin jihohin da adadin ya haura haka. Wiwi musamman tana da alaƙa da tashin hawa, kuma cututtukan nan sun fi fara bayyana ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da 'yan kai, daidai lokacin da matasa ke fara gwada ta.

Masu jego su ne suka fi buƙatar a san tarihin dangi. Rikicewar hankali bayan haihuwa takan sami mace ɗaya ko biyu cikin 1,000, amma a masu baifola mai tsanani tana kaiwa kusan ɗaya cikin biyar, kuma haɗarin ya fi idan uwa ko 'yar'uwa ta taɓa yi. Takan fara ne cikin mako biyun farko, lokacin da gida ke cike da 'yan barka da hidimar suna. Mai jegon da ta kwana biyu ko uku ido biyu ko da an karɓar mata jariri, tana surutai ko tana zargin mutane, asibiti take buƙata a ranar, addu'a da ruƙiya kuma ba sa hana tafiyar. Macen da ke kan maganin baifola ta ga likita tun kafin ta ɗauki ciki, domin wasu magungunan, musamman balfurowet, suna cutar da ɗan tayi, dainawa kai tsaye kuma na iya dawo da ciwon.

A ɓangaren hukuma, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin mai ciwo na sirri da na kada a nuna masa wariya. Matsalar ita ce ma'aikata. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma binciken likitan ƙwaƙwalwa Oye Gureje na 2006 a yankin Yarbawa ya sami kashi 8 cikin 100 kacal na masu ciwo mai tsanani sun sami kulawa a shekarar da ta gabace shi. Mutumin Nafada ko Balanga sai ya yi tattaki zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, wasu har asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri. Don haka nauyin yin tambayar farko game da dangi ya faɗa kan ma'aikatan ƙananan asibitoci da ungozomomin da ke awon ciki, waɗanda su ne mai ciki da mai jego ke fara gani.